Wanda Ya Karanta Ya Sa Hannu

A ƙarshen Nuwamba rana takan yi mana sallama a nan ƙurewar arewacin duniya, ba mu sake ganin fuskarta sai Janairu ya tsufa. Ɗan hasken da ya rage yakan leƙo wajen ƙarfe sha ɗaya, shuɗi-shuɗi kamar bai gama farkawa ba, kafin ƙarfe biyu kuma almuru ya sauko kan mashigin teku ya zauna. A irin wannan almurun ne Arnulf yake zaune a teburin kicin da takardun dillaliya a gabansa. Matarsa Jorunn tana dafa kifi da dankali. 'Yarsu Sunniva, mai shekara goma sha shida, ta baje littattafai a ɗaya gefen teburin tana tauna gindin biro.

Gidan za su sayar. Gwiwoyin Arnulf sun ƙi jirgin kamun kifi, Jorunn ta sami aiki a birnin Tromsø, makarantar da Sunniva za ta ci gaba ma can take. Mahaifiyarsa Borghild kuwa, wadda ita ce ƙusar da ta kafe su a ƙauyen, ta rasu tun bazara. Abin da ya rage kawai shi ne takardar da mai gida yake cikewa da hannunsa, wadda ake liƙawa a jikin tallar gidan kowa ya karanta, har da maƙwabcin da ba shi da niyyar sayen ko cokali. Ya amsa ta rufi, ya amsa ta famfo, ya amsa ta wayoyin wuta. Da ya iso tambayar ƙarshe sai biron ya tsaya. Cewa ta yi: shin ka san wani abu game da gidan nan wanda mai saye ya cancanci ya sani? A gabanta akwai 'yan akwatuna biyu, ɗaya na i, ɗaya na a'a.

Da safe ya riga ya tambayi Vibeke dillaliya a waya, ta yi masa dariya. Ta ce, "Haba Arnulf, ba a coci muke ba, ban ce ka faɗi zunubanka ba. Doka cewa ta yi abin da ka sani, wanda in mai saye ya ji zai iya sauya ra'ayi, to ka faɗa. Tsohuwa ta mutu a gadonta, wannan ba aibi ba ne, wane gida ne a ƙauyenku ba a mutu a ciki ba? Sai dai fa in wani mugun abu aka yi a wurin." Ya ce mata ba a yi ba.

An kuwa yi. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, yana saurayi ɗan ashirin, ya hau ɗakin sama ya kira wansa Eilif cin abinci, ya tarar da shi rataye a jikin azara. Borghild mace ce mai addini da taurin zuciya, ta fi tsoron bakin 'yan majami'a a kan fushin teku. Ko hawaye ba ta yi ba. Ta dubi gawar ta ce, "Ɗana bai kashe kansa ba. Teku ne ya ci shi." Ita ta kama ƙafafu, Arnulf ya kama kafaɗu. Duwatsu bakwai na nutsar da ragar kamun kifi ya ɗaura wa wansa, ya sake shi a inda ruwa ya fi zurfi, ya bar jirgin Eilif yana yawo ba kowa a ciki. Aka sassaƙa sunan a jikin dutsen da ke gaban coci, cikin jerin waɗanda teku ya cinye. Tun daga ranar, duk almuru Borghild takan hau ɗakin nan da fitila ta rufo ƙofa, a riƙa jin muryarta ƙasa-ƙasa. Wani lokaci Arnulf yakan ji kamar ana amsa mata. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Jorunn, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ya sa alama a akwatin a'a, ya rattaba hannu.

Bai gama ɗaga biron ba wani abu ya daki rufin kwano. Ƙarar ta cika gidan, sa'an nan abin ya gangaro a hankali, a hankali, ya faɗi tim a bakin ƙofa. Jorunn ta tsaya da ludayi a hannu. Sunniva ta ce, "Ƙanƙara ce ta zamo daga rufi." Amma duk sun san ƙanƙara ba ta yin wannan ƙarar.

Arnulf ya fita da tocila. A kan dusar ƙanƙarar da ke bakin matakala, inda babu sawun mutum ko na kare, wani dutse ne a kwance, girman kan jariri, da tsagi a kewaye da shi inda igiya take kamawa. A jiƙe yake sharkaf, ciyawar teku ta manne masa, yana warin ƙasan ruwa. Rabon da wani a ƙauyen ya yi amfani da irinsa a raga an fi shekara ashirin. Arnulf ya ɗauke shi ya cusa a bayan itacen girki, ya koma ciki ya ce yara ne ke wasan banza.

Washegari da almuru wani ya sake faɗowa. Jibi ma haka. Kullum ɗaya, kullum a daidai lokacin da shuɗin sararin yake rikiɗewa baƙi. A rana ta huɗu suka fara jin ana jan kujera a ɗakin sama, ɗakin da aka kulle tun ranar jana'izar Borghild, makullin kuma yana aljihun Arnulf. A rana ta biyar wata murya ta soma magana a can, ba a jin kalmomin, sai dai saukarta da tashinta, kamar mai hira da wanda ya ƙi amsawa. Sukan zauna su uku a kicin, kofi yana hucewa a gabansu, kowa yana kallon nasa kofin. Arnulf kaɗai ya san adadin duwatsun, shi kaɗai ne kuma yake ƙirga abin da ya saura.

A rana ta bakwai Sunniva ta sauko daga motar makaranta, ta shigo gida ba ta cire takalmi ba. Yarinyar da ko baƙo ya manta da cire nasa sai ta tuna masa. Ta wuce uwarta kamar ba ta gan ta ba, ta hau matakala tana barin sawun dusa a kan katako. Ƙofar ɗakin sama a buɗe take, wangalau. Suka same ta zaune a kujerar kakarta, hannuwa a cinya, fuska ga azara. Gashinta a jiƙe yake, ruwan da ke ɗiga daga gare shi kuma da gishiri.

Jorunn ta ce, "Sunniva? 'Yar nan, me kike yi a nan?"

Yarinyar ta juyo a hankali. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne. Ta tsallake uwar ta dubi uban, ta ce da wata murya mai kauri, busasshiya, "Bakwai. Sun cika ko akwai saura?"

Daga ranar ba ta sake cin abincin kirki ba. Suka kai ta asibitin birni, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai, ba a ga komai ba. Kwana uku tana kwance kamar gungume, aka sallamo su da ƙwayoyi, suna isowa gida ta sauka daga mota ta haye sama. Kullum ramewa take ƙarawa. Zoben da kakarta ta bar mata ya zame daga yatsa da kansa. Jorunn takan durƙusa a gabanta da cokalin miya tana lallashi tana kuka, Arnulf kuwa yakan tsaya a ƙasan matakala, ba ya iya hawa.

Wata rana Jorunn ta tare shi a nan. Ta ce, "Me ke cikin ɗakin nan, Arnulf?"

"Ƙura da tsofaffin kaya."

"Shekara ashirin ina kwana kusa da kai, na san numfashinka in kana ƙarya. 'Yata mutuwa take yi. Na kira Hilmar, gobe zai zo."

Mu nan, mutum zai rantse maka bai yarda da camfi ba, amma in ka juya kalandarsa za ka ga lambar mai karatu a rubuce. Haka muke kiran masu tofa kalmar Allah a kan jinin da ya ƙi tsayawa, ko a gidan da ya ƙi kwanciya. Hilmar tsohon malamin makaranta ne, ya haura tamanin, yana karanta Littafi Mai Tsarki da harshe uku, ba ya kuma karɓar ko sisi. Ya ƙetaro a jirgin fito na safe da 'yar jakarsa. Bai tambayi yarinyar ba tukuna. Ya zauna ya sha kofi, ya tsotsi sukari, yana sauraron gidan.

Can ya ce, "Ranar da dutsen farko ya faɗo, me aka yi a gidan nan?"

Arnulf ya ce takarda kawai ya cike.

"Kawo in gani." Hilmar ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya tsaya a kan alamar ƙarshe. Ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. "Ɗan Borghild, na koya maka karatu, na san fuskarka in ba ka yi aikin gida ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na hau can ban san abin da zan tarar ba, yarinyar ce za ta ji a jikinta."

Nan Arnulf ya faɗa. Ya faɗi azara, ya faɗi jirgi, ya faɗi duwatsu bakwai, idonsa a kan tebur. Da ya gama, Jorunn ta tashi. Ta je ta wanke kofunan da ba su gama sha ba.

Suka jira almuru. Da shuɗin taga ya soma dusashewa, Hilmar ya hau gaba, su biyu suna biye. Ya zare wuƙa daga kube ya shimfiɗa ta a bakin ƙofa, ya ce kada wanda ya tsallake ta sai shi. Ya kunna tsohuwar fitilar Borghild, ya ja kujera ya zauna daf da yarinyar, ya buɗe Littafi. Sanyin ɗakin ba irin na hunturu ba ne. Sanyi ne mai laima, irin wanda yake shiga ƙashi, numfashinsu yana fita fari amma na Sunniva ba ya nunawa.

Ya daɗe yana karatu, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Harshen fitilar ya kwanta gefe guda alhali babu iska. Sai yarinyar ta soma dariya, bakinta a rufe, dariyar tana fitowa daga ƙirji.

Hilmar ya ce, "Da sunan wanda ya yi ka, faɗi ko kai wane ne. Eilif ne?"

Muryar ta ce, "Eilif yana inda ƙanensa ya ajiye shi. Matacce ba ya dawowa, malam, kai ma ka sani. Ni ina nan tun kafin a kafa gungumen farko na gidan."

"Me ya haɗa ka da mutane?"

"Tsohuwa ce. Ta hawo tana kiran ɗanta, ɗanta ba ya ji, ni kuwa na amsa. Shekara talatin da ɗaya ba a bar ni ni kaɗai ba ko almuru ɗaya. Na saba da mutum."

"To me yarinya ta yi maka?"

Kan Sunniva ya karkata wajen ƙofa, inda ubanta yake tsaye. "Mu ma muna da doka, ta kuwa girmi taku. Jinin gida nawa ne. Baƙon da ya shigo bai san da ni ba, ba ni da hannu a kansa, ko gashinsa ba na taɓawa. Wancan ya rubuta babu kowa. Zai cika mini gida da makafi, ya kwashe nasa ya yi gaba. Shi ne na riƙe rabona."

Hilmar ya miƙe, ya ɗora tafin hannunsa a goshinta, ya ɗaga murya. Ya umarce shi da ya fita, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Katakon ɗakin ya ɗauki ƙara. Jikin yarinyar ya banƙare, jini ya ɓalle mata ta hanci, leɓunanta suka yi shuɗi. Jorunn ta yi ihu za ta tsallake wuƙar, Arnulf ya riƙe ta.

Muryar ta ce, ba ta ko haki, "Ci gaba, malam. Ka fi ƙarfina, ban musa ba. Zan fita, amma da numfashinta zan fita."

Hilmar ya janye hannu. A take tsufansa ya bayyana. Ya koma ya zauna ya ce, "To mu yi ciniki. Za a bar maka gidan, a riƙa kunna maka fitila."

"Fitila ba ta hira."

Arnulf ya ce daga bakin ƙofa, "Ni zan zauna. Ka sake ta, ni zan riƙa hawowa kullum."

"Kai? Kai da ka bar uwarka shekara talatin da ɗaya tana hawa matakalar nan ita kaɗai? Ba a zama da matsoraci."

"Zan ƙone gidan."

Hannun Sunniva ya tashi ya dafa ƙirjinta. "Ƙona. Ai ina da masauki."

A waje duhu ya gama rufe taga, babu abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga gashin yarinyar. Sai muryar ta yi laushi, kamar ta ɗan kasuwa da ya ga mai saye ya gaji.

"Ga tayina. Ka yaga waccan takardar ka rubuta gaskiya. Ka rubuta Eilif, ka rubuta duwatsu, ka rubuta ni. Wanda ya karanta ya sa hannu, da idonsa biyu ya shigo, shi da jininsa sun zama na gida. Makulli ya bar hannunka kafin rana ta dawo ta taɓa rufin nan. In ka yi haka, na sake ta har abada. In rana ta riga ka, zan dawo, babu kuma mai karatun da zai sake jin muryata."

Hilmar ya ce, "Albarka. Ba na fansar 'yar wani da 'yar wani."

Amma Arnulf ya riga ya matso har ƙafarsa tana taɓa wuƙar. Ya ce, "In babba ne fa? Namiji, shi kaɗai?"

"Manya zama nake yi da su. Uwarka ta kai casa'in, ta mutu a gadonta, me na yi mata? Yara nake shiga."

Hilmar ya juyo da sauri. "Arnulf, rufe bakinka."

"Na sallama," in ji Arnulf.

Tsohon ya rufe Littafin a hankali. Fitilar ta yi ƙasa har ta kusa mutuwa, sa'an nan ta miƙe. Sunniva ta yi atishawa sau uku, ta sunkuya ta amayar da ruwan gishiri a kan takalmin Hilmar. Ta ɗago, ta waiga hagu da dama, ta fashe da kuka irin na ƙaramin yaro tana cewa, "Mama, sanyi nake ji." Jorunn ta tsallake wuƙar ta rungume ta.

A bakin ƙofar waje Hilmar ya tsaya yana ɗaura maɓallan kwat. Ya ce, "Ka san yadda ciniki yake a ƙasar nan. Mai kaya in ya ce ya sallama, ba a warwarewa. A wurin aljanu ma haka ne." Bai yarda an raka shi bakin jirgi ba.

Arnulf ya rubuta. Wurin da aka bari a takardar bai isa ba, sai da ya ƙara shafi biyu. Vibeke ta kira shi tana salati irin namu. "Ka haukace ne? Na ce ka faɗi yoyon rufi, ka zo ka rubuta mini littafi! Ka san gobe duk ƙasar nan za ta karanta?" Ya ce ya sani. 'Yan sanda suka zo suka yi tambayoyinsu, suka ce abin ya daɗe, suka tafi. A kanti mutanen da ya yi shekara talatin yana fita teku tare da su sai su duƙufa kan karanta bayan kwalin madara har ya wuce. Duk wannan bai dame shi ba, tunda Sunniva tana cin burodi da cuku har tana neman ƙari. Abu ɗaya ne bai rubuta ba, wato abin da sa hannun yake nufi. Ya ce wa ransa ko ya rubuta babu mai yarda.

Ranar da aka buɗe gidan don masu dubawa, motoci suka cika hanya har bakin coci. Yawancinsu 'yan kallo ne, suna ɗaukar hoton azara suna ƙus-ƙus. Amma masu tayi ma sun samu. Waɗanda suka fi kowa tayi wasu mata da miji ne da yara uku, Arnulf ya ce albarka. Na biyu matarsa da tsohon ciki, ya ce albarka. Vibeke ta kusa haɗiye waya. Na uku shi ne Vegard, likitan kifi da aka yi wa canjin aiki zuwa gonakin kifin mashigin, ƙato mai jan gemu da dariya kamar ganga, shekararsa arba'in da biyar.

Arnulf ya ja shi gefe ya ce, "Ka karanta takardar duka?"

"Har sau biyu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In aljanin ya iya share dusa, ni da shi za mu shirya."

"Kana da mata?"

Dariyar ta ɗan ragu. "Mun rabu, shekara huɗu ke nan."

Arnulf ya gyaɗa kai ya bar maganar a nan. Mu nan, mutum ya ce maka aurensa ya mutu, ka sake jefa masa wata tambayar, rashin ta-ido ne. Kuma takardar tayin suna ɗaya ne a jikinta. Ya sallama masa a ranar, aka sa ashirin da ɗaya ga Janairu don miƙa makulli, domin kafin nan takardun ba za su kammala ba. Ita ce kuwa ranar da rana take fara leƙo ƙauyen ta tsakanin duwatsu biyu, da ƙarfe sha biyu saura kwata.

Ranar ta zo da sarari garau, ko gajimare ɗaya babu. An kwashe kaya tun jiya. Jorunn da Sunniva suna zaune a mota da injin a kunne, 'yan makaranta suna can kan tudu da fankasonsu suna jiran fitowar rana. Arnulf ya rubuta lambar mitar wuta, ya tsaya a bakin matakala da makullai a hannu. Vegard ya ce ƙarfe goma zai zo, amma jirgin fito ya makara. Sha ɗaya ta wuce. Haske ja ya kama ƙololuwar dutsen da ke bayan gidan, ya soma gangarowa. Rana ba ta ƙarya, in ji masu magana, Arnulf kuwa yana kallonta tana saukowa taki-taki.

Sha ɗaya da rabi motar ta shigo. Vegard ya fito yana ba da haƙuri tun daga nesa. Sai ɗaya ƙofar ma ta buɗe, wata yarinya ta diro, siririya, da jar hula da jakar goyo, ƙarfen gyaran haƙori yana ƙyalli a bakinta.

Vegard ya ce, "Ylva ke nan, shekararta goma sha uku. Mako ɗaya wajen uwarta, mako ɗaya wajena. Ylva, gaida Arnulf."

Arnulf ya tsura wa yarinyar ido. Da ƙyar ya ce, "Ba ka ce kana da 'ya ba."

"Ai ba ka tambaya ba."

"Ta san abin da ke cikin takardar?"

"Tare muka karanta. Ta ce duk ajinsu babu mai gidan aljani sai ita. Ɗakin saman ma ta zaɓa."

Arnulf ya waiga wajen motarsa. Sunniva ta daina duba waya. Kanta yana juyawa a hankali, a hankali, zuwa ga tagar ɗakin sama, hannunta kuma yana laluben mariƙin ƙofa. Jorunn ta riƙe ta da hannu biyu, ta dubi mijinta ta cikin gilashi, bakinta yana motsi ba ya jin abin da take cewa. Hasken ya riga ya iso kan itatuwan da ke bayan rumbun itace.

Yana iya faɗa. Kalmomin suna bakinsa, duka, har da layin da bai rubuta ba. In ya faɗa, watakila Vegard ya yi dariya, watakila kuma ya dubi fuskarsa ya yarda, ya mayar da 'yarsa mota ya ce sai ya yi shawara. Shawarar minti goma ta ishi rana ta taɓa rufin.

Ya ce, "Kada ka bar ta ta kwana a sama."

Vegard ya bubbuga masa kafaɗa. "Ka ga dai ba ka san Ylva ba. In na hana ta, can za ta tare da bargo. Ba ta makullin, ita za ta fara buɗewa."

Yarinyar ta cire safar hannu ta miƙo tafinta. A kan tudu 'yan makaranta suka ɓarke da shewa. Arnulf bai taɓa ƙin kansa ba kamar a wannan lokacin, ko ranar da ya ɗaura duwatsun nan bai ji haka ba, amma hannunsa bai yi jinkiri ba. Ya ɗora mata makullin, yatsunsa suka taɓa nata, ya ji su da ɗumi.

Ta damƙe shi, ta dube shi da fara'a, ta ce, "Na gode, Arnulf."